Jan baki da kusun jigawa: wa ya fi cin manomi?

Habu Ɗalibi: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ga hotuna biyu nan na saka. Na farko kowa ya san shi, tsuntsun nan ne jan baki. Na biyun ƙaramin jan kusun nan ne na cikin yashi, mai manyan idanu da doguwar wutsiya, cikinsa fari fat. Masana suna ce masa Gerbillus nigeriae. A 1920 aka fara rubuta shi cikin littattafan kimiyya, daga wanda aka kama a Fanisau kusa da Kano, amma daga Muritaniya har Cadi akwai shi, kuma jigawar Maradi gidansa ce. Nauyinsu kusan ɗaya, jan baki wajen giram 20, kusun ya ɗara shi kaɗan. Abincinsu ɗaya, ƙwayar ciyawa da hatsi. Amma ɗaya har jirgin sama ake tasowa dominsa, ɗayan kuwa ko a rediyo ba a cika ambatonsa ba. To a ƙasarmu wanne ya fi yi wa manomi ɓarna?

Alhaji Na-Jiratawa: Wa alaikumus salam. Yaro, wannan ai ba tambaya ba ce. Wanda ya taɓa ganin jan baki sun sauka gona ba zai haɗa su da kusu ba. Kana tsaye za ka ga kamar hayaƙi ya taso daga gabas, kafin ka kira yara sun rufe zangarniya. Hatsin da ka yi wata uku kana wahala a kansa, da hantsi guda sai ka tarar da ƙaiƙayi.

Maman Zali: Wallahi Alhaji ya faɗi gaskiya. Mu da muka yi tsaron tsuntsu muna yara mun sani. Tun asuba kana bisa rumfa kana jan igiyar gwangwani, kana ihu, murya ta dishe. Ka kore su nan su sauka can.

Baba Ɗan Dakoro: Ku na gulbi ku yi ta maganar tsuntsu. Mu nan arewa ku tambaye mu sau nawa muke shuka a shekara guda.

Alhaji Na-Jiratawa: Ai wannan rashin ruwa ne Baba, ba kusu ba.

Baba Ɗan Dakoro: Wani rashin ruwa ne, wani kuwa kusun nan ne da yaron ya nuna. Ka yi binne tun kafin ruwa ya sauka, kana murna ka riga kowa. Da safe ka bi layi, sai ka ga kowane rami an tone shi tsaf, ga ƴan sawu ƙanana a kan yashi. Ba ya kuskuren rami. Yadda ka bi da sungumi haka shi ma zai bi da dare. Ruwa ya zo, gonar maƙwabci ta yi kore, taka ta fito tsilli-tsilli. Sai ka koma neman iri a lokacin da tiya ta fi tsada a duk shekara.

Habu Ɗalibi: Baba, abin da nake son a taɓo ke nan. Bari in ɗan yi lissafi. Ana ƙiyasta jan baki guda yana iya ɓata har giram 10 na hatsi a yini, in an haɗa wanda ya ci da wanda ya kakkaɓe ƙasa. Garke mai tsuntsu miliyan 2 ke nan zai iya lalata tan 20 a yini, buhu 200 na kilo 100. Wannan abin tsoro ne, ba musu. Kusun nan kuwa cikinsa bai fi ɗan yatsa ba, abin da zai ci a dare ƴan giram ne. Amma iri yake ci. In ka shuka da tazarar mita guda-guda, hekta tana da rami 10,000. Kowane ramin da ya tone, gindin hatsi guda ne ya tafi da duk zangarniyar da zai yi. Kuma ba cikinsa kaɗai yake cikawa ba, yana kwasa yana kaiwa raminsa yana ajiya.

Malam Sule Malamin Gona: Habu ya kusa, amma babbar asarar ba iri ba ce, kwanaki ne. Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba take, a arewacin jiha ma ba ta kai haka. Iri mai saurin nuna kamar HKP yana son wajen kwana 80 zuwa 90. In aka tone maka shukar fari, sai ka jira wani ruwan mai kyau kafin ka sake, mai yiwuwa sati biyu, mai yiwuwa uku. Wannan sati ukun a ƙarshen damina za ka biya shi, lokacin da hatsi ke bununi ruwa ya ɗauke. Ranar da aka ɗaure damma aka ga bai kai na bara ba, kowa sai ya ce ruwa ne ya yanke da wuri. Ba mai tuna abin da ya faru a watan shuka.

Alhaji Na-Jiratawa: Malam, da girmanka, amma wanda aka tone wa iri yana da damar sakewa. Wanda tsuntsu ya cinye wa hatsi a ƙarshen damina me zai sake? Sai baɗi.

Malam Sule Malamin Gona: Wannan haka yake Alhaji, ban musa ba. Wanda jan baki ya faɗa wa ya fi kowa kuka a wannan shekarar. Sai dai ba kowace shekara yake zuwa ba, kuma ba kowace gona ba. Yakan share gonaki goma ya tsallake ɗari. Inda ya fi zama barazana kullum shi ne wuraren ruwa da shinkafa: bakin kogin Kwara wajen Tillaberi, tafkin Cadi da Komadugu, fadamun Haɗeja da na Kabi a Najeriya. Kusu kuwa yana nan cikin gonarka rani da damina, bai taɓa tafiya ko'ina ba.

Ɗan Barno a Maradi: Ku dai ku kawo mana jan bakin can Diffa mu nuna muku yadda ake yi da shi. A ƙasar Cadi da raga ake kama su da dare a inda suke kwana, a fige, a soya, a kai kasuwar Njamena. Ya ci hatsinka, ka ci shi da yaji.

Jauro Bermo: Babarbare dai ba ya wuce abin da ke motsi. Saura ka ce a soya maka kusun ma.

Ɗan Barno a Maradi: Kai da ke bin saniya tun safe da ƙoƙon nono ina ka san daɗin nama, Bafillace?

Hajiya Likita: Tunda an taɓo cin nama bari in sa baki kafin wasa ya yi nisa. Tsuntsun da aka kama da raga daban, wanda aka tsinta bayan an yi feshi daban. Maganin da ake fesa musu daga jirgi, fenthion, guba ne ga mutum ma. Kada a bar yara su tsinto su. Ta wajen kusu kuma, wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa ba wannan na hoton ba ne, wani ne da ake kira Mastomys, mai nonuwa da yawa, wanda ke shiga ɗaki da rumbu. Cutar a garin Lassa na jihar Barno aka fara gane ta a 1969. Amma da dare wa zai tsaya tantance wanne ne wanne? A rufe abinci, a daina shanya gari a ƙasa.

Maman Zali: Hajiya mun gode. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu ma da namu sakacin.

Mushe Ibro: Ni wani gefen ya ja hankalina. Habu, a rubutun da ke ƙasan hoton ka sa jan baki cikin tsuntsaye masu waƙa. Wace waƙa? Ni dai hayaniya na sani. In waƙa ake nema ai sai kanari.

Habu Ɗalibi: Mushe, rabon na masana ne, kuma ba da daɗin murya suka yi shi ba. Sun duba yadda maƙogwaron tsuntsun yake ne. Akwai babban dangi mai nau'i wajen 5,000 da ke da wata ƴar na'urar sauti mai tsokoki da yawa a inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu. Kanari na ciki, gwara na ciki, kaɓare na ciki, jan baki na ciki. Har hankaka ma yana ciki.

Mushe Ibro: Hankaka! To an gama da waƙa.

Habu Ɗalibi: Wallahi kuwa. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne ba a haifar su da kukan a kammale, koyonsa suke daga manya tun suna ƙanana. Shi ya sa nau'i guda sai ka ji kukan na wannan yanki ya ɗan bambanta da na wancan.

Baba Ɗan Dakoro: Ai mun riga su sani. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Habu Ɗalibi: Kuma kada a raina dangin kusu a nan. A 2005 wasu masu bincike a Amurka sun nuna namijin ɓeran gida yana rera wa tamata wani sauti mai tsari, sai dai ya yi sama ƙwarai har kunnen mutum ba ya kama shi.

Jauro Bermo: Wato yana cin irin Baba yana waƙa, Baba bai ji ba.

Malam Sule Malamin Gona: Ku bar ni in dawo da mu gona, don akwai wurin da halittun nan biyu suka haɗu wanda ni a ganina shi ne gindin maganar. Dukansu ba hatsinmu ne asalin abincinsu ba. Wani Bature mai suna Peter Ward ya yi shekaru yana binciken jan baki a yankin tafkin Cadi cikin shekarun 1960, yana buɗe cikinsu yana duba abin da suka ci. Abin da ya fi samu ƙwayar ciyawar daji ce. Duk rani a kanta suke rayuwa, suna tsinta a ƙasa. Kusun jigawa ma haka. To me ke faruwa in ruwan fari ya sauka? Ƙwayar da ta rage a ƙasa sai ta tsiro gaba ɗaya. Mu muna murna daji ya yi kore, su kuwa abincinsu ne ya ɓace cikin ƴan kwanaki, sabuwar ciyawa kuma sai ta yi makonni kafin ta yi ƴaƴa.

Jan baki yana da fiffike. Sai ya tashi ya yi kudu, inda ruwa ya riga sauka ciyawa ta fara ƴaƴa, daga baya ya biyo damina ya dawo arewa ya yi sheƙa. Shi ya sa ba ka ganinsa lokacin shuka, sai hatsi ya yi madara. Kusu ba shi da inda za shi. Ya ci ajiyarsa duk rani, ƙwayar da ke ƙasa ta yi ƙaranci, sai ga mutum ya zo ya zuba masa hatsi mai kyau a rami-rami, a jere, a zurfin da hancinsa ke kaiwa. Yunwa guda ce ta kama su a lokaci guda, ɗaya ya yi ƙaura, ɗaya ya faɗa wa shuka.

Maman Zali: Ikon Allah. To Malam, hakin da ake sharewa a daji ana kaiwa kasuwa fa? Yanzu da kaka ta wuce sai ka ga amalanke-amalanke, ba a barin ko tsinke.

Malam Sule Malamin Gona: Inna, ra'ayina ne nake faɗa, amma ina ganin yana da hannu. In an kwashe ciyawa da ƴaƴanta, an kuma nome makiyaya, abin da ke cin ƙwayar daji dole ya juyo gona.

Jauro Bermo: A nan kam ina bayan Malam. Burtali ma an cinye shi, balle abincin kusu.

Alhaji Na-Jiratawa: Jauro kada ka shigo mana da rigimar burtali, wannan sai mu kwana. Ni abin da na gani da idona shi ne tun da aka ce a bar itace cikin gona, tsuntsu ya ƙaru. Iyayenmu ba wauta ta sa suke sare su ba.

Mushe Ibro: Alhaji, wannan maganar tun farkon sassaɓen zamani, wato barin tohon itace ya girma cikin gona, ake yin ta. A nan Maradi aka faro shi a farkon shekarun 1980, lokacin Tony Rinaudo, Baturen malamin gonan da ya yaɗa shi, kuma tsoron tsuntsu na cikin abin da ya sa mutane suka yi ta ja da baya. Yau ku dubi gonakin Agye da Tasawa. Da itace ne ke kawo jan baki da ba mai ɗaure damma ko ɗaya a can.

Habu Ɗalibi: Kuma jan baki ba ya sheƙa a itace ɗaiɗai. Kurmin ƙaya mai duhu yake nema, inda dubban ɗaruruwa za su taru wuri guda, kusa da ruwa. Namiji ya saƙa sheƙa cikin kwana biyu ko uku, mace ta yi ƙwai, galibi uku, kwana 10 sun ƙyanƙyashe, bayan sati biyu ƴaƴan sun fita. Cikin sati shida an gama an watse. Da wannan saurin ne ya zama tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta su wajen biliyan ɗaya da rabi. Gawon da ke gonar Alhaji, wanda ma da damina ba shi da ganye, ba zai ɓoye su ba.

Baba Ɗan Dakoro: Yaro, a nan zan tsaya wa Alhaji kaɗan. Jan baki ba ya sheƙa a gona, na yarda. Amma akwai ƙaramin nan mai ruwan ɗorawa, dangin gwara, da ke cika mana aduwa da farar ƙaya da sheƙa. Mu shi ne ke cin hatsinmu fiye da jan baki. Mutane da yawa in sun ce tsuntsu ya ci su, shi suke nufi.

Malam Sule Malamin Gona: Gaskiya ne Baba. Wannan shi ne Passer luteus, kuma a arewacin Nijar yana cikin manyan masu ɓarnar hatsi. Kaɓare ma yana taɓawa kusa da gari. Ba duk laifin da ake ɗora wa jan baki ne nasa ba. Amma itacen da ke ɗaukar sheƙar mai ɓarna shi ne kuma shaho da mujiya ke sauka a kai. In ka sare ka kori duka biyun, mai fiffike ya koma itacen maƙwabci ya dawo da safe, kusu kuwa ya samu gona ba mai tsaro.

Maman Zali: A'uzubillahi, mujiya kuma? Malam a bar ta can.

Malam Sule Malamin Gona: Inna, ai ita ce maganin abin da Baba ke kuka da shi. Kusun nan da dare yake fita, shaho na barci, kyanwa na cikin gari. Farar mujiya tana cin ƙananan kusa uku zuwa huɗu a dare, in tana da ƴaƴa fiye da haka. A Isra'ila da Jodan manoma akwatuna suke kafa mata a gona don ta zauna ta haihu, a Malesiya ma haka ake yi cikin gonakin kwakwar manja. Mu kuwa in ta sauka a kan zana sai an nemo majaujawa.

Maman Zali: Su can su kafa. Ni dai ba za ta kwana a gidana ina da jinjiri ba.

Hajiya Likita: Yaya, ba a gida aka ce ba, a gona. Kuma ni da nake ganin yara a asibiti, abin da ke kawo su maganin kusu ne da aka ajiye a leda, ba kukan mujiya ba. Baƙin garin maganin nan da ake saidawa a kasuwa ba takarda ba suna, a gauraya da tuwo a ajiye a lungu. Kaza ta ci, akuya ta ci, yaro mai rarrafe ya kai baki.

Ɗan Barno a Maradi: To in ba guba ba feshi, zama za a yi ana kallo?

Mushe Ibro: Ba a ce a zauna ba, amma kashe-kashen gayya an gwada shi. A 1958 ƙasar Sin ta sa jama'a duka su kashe gwara saboda tana cin hatsi. Aka kashe ba adadi, sai fara da tsutsa suka samu sake, abin ya ƙara wa yunwar da ta biyo baya muni. Jan baki ma da ƙwari yake ciyar da ƴaƴansa, fara da tsutsa. Kuma an shafe fiye da shekara 50 ana fesa masa magani a Afirka, ana kashe miliyoyi duk shekara, bai ƙare ba.

Alhaji Na-Jiratawa: Mushe, ku masu albashi kuna da sauƙin tausayin tsuntsu. Ranar da suka sauko mini, in jirgi zai zo ya zo.

Malam Sule Malamin Gona: In garken ya kai haka Alhaji ba mai hana ka, aikin ma'aikatar kare tsirrai ne, a sanar da su da wuri, musamman in an gano inda suke kwana. Abin da ke hannun manomi shi ne a yi shuka lokaci guda da maƙwabta don hatsi ya nuna tare. Gonar da ta riga kowa nuna, ko ta yi saura ita kaɗai, ita ke ɗaukar tsuntsun gari duka. Hatsi mai gashi, gargasa, yana soke musu ido ba sa son shi, jar dawa mai ɗaci ma haka. Da ya nuna a yanke, kada a bar shi tsaye.

Ga kuma inda maganar ta sake haɗuwa: wanda kusu ya sa ya sake shuka sau biyu, shi ne hatsinsa zai yi saura a gona bayan kowa ya girbe. Tsuntsun da Alhaji ke tsoro a kansa zai ƙare.

Baba Ɗan Dakoro: Wannan ya faru da ni ba sau ɗaya ba. To Malam, binnen za mu bari?

Malam Sule Malamin Gona: Ban ce a bari ba Baba, wanda ke da gona babba da hannu kaɗan dole ya yi. Amma kafin ka yi, ka zaga da sassafe kafin iska ta share sawu. In ramuka sun yi yawa a gefen gona da gindin sabara, ka jira ruwa. Irin da aka shuka a jiƙaƙƙiyar ƙasa kwana biyu zuwa uku ya tsiro, na binne kuwa yana iya yin makonni yana jiran mai tonowa. A gauraya iri da maganin da malaman gona suka amince da shi, ba na leda ba. Sannan tarkon tulu: a binne tulu ko bokiti bakinsa daidai da ƙasa, a zuba ruwa rabi, a watsa dusa a kai. Sai dai na mutum ɗaya ba ya tasiri, cikin macen kusu sati uku ne kawai, na gonar maƙwabci za su cike gurbin. Sai unguwa ta haɗu, kuma tun cikin rani.

Jauro Bermo: A dai rufe bakin tulun da rana, kada ɗan akuyata ya faɗa.

Habu Ɗalibi: Wani ƙarin, a arewacin Senegal da can ba a san kusun nan ba, sai wajen shekarun 1990 aka fara kama shi, yanzu yana cikin waɗanda suka fi yawa a yankin. Masana suna danganta hakan da yadda ƙasar ta ƙara bushewa. Ba ya buƙatar shan ruwa, abin da ke cikin abincinsa ya ishe shi.

Alhaji Na-Jiratawa: Duk na ji. Ni dai ƙuri'ata tana kan tsuntsu. Amma Malam, ka turo mini sunan maganin irin nan ta akwatina, ƙanena yana da gona a Mayahi, bara sau uku ya shuka muna ta ce masa irinsa ne ba shi da kyau.

Malam Sule Malamin Gona: Zan turo bayan la'asar Alhaji. Ka ce masa kuma ya ɗauko mana hoton ramukan da sawun, don kurege ma yana tono, sai dai shi da rana yake yi kuma raminsa ya fi faɗi.